Kan Jirgin da Aka Ƙera Domin Gyaɗa

Yaron da ya tashi a Gusau yau ya san layin dogo ne a matsayin ƙarfen da mota ke rage gudu ta tsallake. Kakansa kuwa da kukan jirgi yake sanin lokaci. A zamanin da nake nufi, idan kaka ta yi aka buɗe sikeli, tashar Gusau ba ta barci: jakuna da raƙuma na sauke kaya, leburori na jere buhuna, hayaƙi baƙi ƙirin na tashi daga kan jirgi yana sauka a kan rigunan mutane. Labarin wannan kan jirgi nake so in bayar, musamman wani jinsi guda da Turawa suka sa wa suna River, wato kogi, wanda aka ƙera musamman domin Najeriya bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Duk wanda ya duba ƙirarsa da kyau zai ga gyaɗar manomin Tsafe da Bungudu a cikin kowane awo da aka yi masa.

Sai mun fara da dogon kansa. An soma shimfiɗa layi daga Legas a ƙarshen ƙarni na 19, ya kai Ibadan a 1901. A Arewa kuma aka taso da wani daga Baro, a bakin kogin Kwara, a 1907, ya isa Kano a 1911. A 1912 aka haɗe layukan biyu ƙarƙashin hukuma ɗaya. Auduga Turawa suka sa rai za su kwasa, domin masaƙun Lankasha na jiran ta. Amma manomin Arewa ya yi lissafinsa: gyaɗa ta fi kuɗi, ba ta wahalar da ƙasa, ana biyan haraji da ita, in kuma shekara ta yi tsanani ana iya ci. Tun kakar 1912 gyaɗa ta cika tashar Kano har jirgi ya kasa kwashewa. Wannan matsala, ta kaya sun fi ƙarfin abin ɗauka, ita ce ta bi reluwen Najeriya har shekara hamsin.

Reshen da ya shafe mu ya balle ne daga Zariya. Ya bi ta Funtuwa, ya shigo ƙasar Zamfara ta Tsafe, ya gifta yankin Dutsen Kwatarkwashi, ya sauka Gusau, sannan ya miƙa arewa zuwa Ƙaura Namoda, inda ya tsaya a 1929. Tsawonsa ya haura kilomita 200. Da diga da shebur da kwando aka yi shi, kuma talakawan da hakimai da dagatai suka tara ne suka haƙa ramukan, suka ɗauki ƙasar a ka. Har yau tsofaffi idan suna maganar wahala sukan ambaci aikin diga. Layin bai taɓa kaiwa Sakkwato ba. Saboda haka Gusau, garin Malam Sambo Ɗan Ashafa, ta wayi gari ita ce ƙofar kasuwancin lardin Sakkwato baki ɗaya. Kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt suka kafa kantuna, Kwarori suka biyo su, aka gina injin gurzar auduga, Yarabawa da Inyamurai ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa suka cika Sabon Gari. Garin Bungudu bai samu dogo ba, amma gonakinsa sun ciyar da dogon: a bayan jaki kayansa ke zuwa Gusau, daga baya a cikin manyan motoci. Fata da ƙirgi, auduga, taba, da uwa uba gyaɗa, duk a nan suke haɗuwa su jira tarago.

Daga nan wahalar injiniya take farawa. Faɗin tsohon dogon Najeriya ƙafa 3 da inci 6 ne, alhali na Ingila ƙafa 4 da inci 8 da rabi. An zaɓi siririn layi ne don arha, kuma don arha ɗin dai aka bar shi yana kewaye tudu maimakon ya fasa shi, aka yi masa kwanoni masu tsanani, aka shimfiɗa wurare da dama da ƙarfe marar kauri. Daga Kano zuwa Legas mil 700 ne. Kayan kuma masu nauyi ne, duka hanya ɗaya suka nufa, duka kuma a lokaci ɗaya suke zuwa. Ana bukatar kan jirgi mai ƙarfi ƙwarai, amma ƙarfin kan jirgi yana tafiya ne da nauyinsa, nauyi kuwa shi ke lanƙwasa dogo ya raunana gada.

Wata dabara da aka gwada mai ban sha'awa ce. Wani Bature mai suna Herbert Garratt ya ƙirƙiro kan jirgi mai inji biyu da tukunya ɗaya: tukunyar tana rataye a tsakiya kamar gawa a makara, inji ɗaya a gaba, ɗaya a baya, kowanne da nasa ƙafafun. Ta haka nauyi ya rarrabu a kan ƙafafu masu yawa, jikin kuma yana karyewa gida uku idan an zo kwana. Kamfanin Beyer Peacock na Manchesta ya ƙera wa Najeriya irin waɗannan tun daga 1930, ya ci gaba da kawo su har cikin shekarun yaƙi, domin su yi aiki inda dogo ba shi da kauri. Sun yi aiki, sai dai inji biyu gyara biyu ne, kuma ba su wadatar ba.

Yaƙin Duniya na Biyu ya tatse reluwe har ƙashi. Da Japan ta ƙwace ƙasashen Gabas mai Nisa a 1942, Ingila ta juyo kan Najeriya neman kuza da man girki da roba. Jirage suka yi ta zirga-zirga dare da rana da sojoji da kaya, ba sabbin kayan gyara, ba hutu. An kawo wasu kawunan jirgi daga Kanada don toshe ɓaraka, amma da yaƙi ya ƙare yawancin tsofaffin sun gaji. Ma'aikatan ma sun gaji: a watan Yuni na 1945 suka shiga yajin aikin gama gari na sama da kwana arba'in, Michael Imoudu na ƙungiyar ma'aikatan reluwe yana kan gaba, saboda tsadar rayuwa ta ninka albashi bai motsa ba.

A nan ne dalar gyaɗa ta yi girman da ake ba da labari. Mukan tuna da dala cikin alfahari, kuma muna da gaskiya, domin shaida ce ta ƙwazon manomi da basirar 'yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata. Amma ya kamata mu faɗi ɗaya ɓangaren. Dala guda takan ci buhu wajen 15,000, kuma dalilin tsayuwarta shi ne babu jirgin da zai kwashe ta. A shekarun 1947 da 1948 gyaɗar bara tana zaune ƙarƙashin tamfol ta bana ta zo ta same ta, ƙwaro yana ci. A daidai wannan lokaci matan Ingila na bin layi da katin rabo don samun ɗan man girki, gwamnatinsu kuma tana zuba miliyoyin fam a Tanganyika kan wani shirin noman gyaɗa da ya ƙare a asara. Maganar ta kai har majalisar dokokin Ingila: me ya sa ake neman gyaɗa a dajin da ba ta fitowa, ga wadda aka riga aka noma tana lalacewa a Arewacin Najeriya? Amsar ita ce kawunan jirgi. Sai aka gaggauta odar su.

A 1948 kamfanin Vulcan Foundry da ke Newton-le-Willows a Lankasha ya fito da guda 20 na farko. Kamfanin North British na Gilasgo a Sukotilan ya ƙera wasu da yawa a kan wannan zane, aka kuma ci gaba da ƙaro su har tsakiyar shekarun 1950. Kowanne an liƙa masa sunan wani kogi na Najeriya a gefen jikinsa, daga nan jinsin ya samo sunansa.

Bari mu tsaya a gefensa mu dube shi daga ƙasa zuwa sama. Masu harkar jirgi suna kiran tsarin ƙafafunsa 2-8-2. Ƙananan ƙafafu biyu ne a gaba, manya takwas a tsakiya, sai wasu ƙanana biyu a baya. A duniya ana kiran wannan tsari Mikado, saboda wasu irinsa da kamfanin Baldwin na Amurka ya ƙera wa Japan a 1897. Biyun gaba ba sa ja. Aikinsu su shiga kwana tukuna su janyo hancin jirgin a hankali, kamar ɗan jagora, don kada manyan ƙafafu su daki dogo. Takwas na tsakiya su ne masu aiki, an ɗaure su da sandunan ƙarfe don su juya tare. Tsayin kowacce ƙafa 4 ne cif. Jirgin fasinja mai gudu ana yi masa dogayen ƙafafu, na kaya kuwa gajeru, kamar yadda direban babbar mota ke sa ƙaramin giya idan ya zo hawa. Ba a ƙera River don tsere ba. An ƙera shi ne ya tashi da dogon jerin taragai daga tsaye, ya hau tudu da su ba tare da numfashinsa ya yanke ba.

Me ya sa takwas, ba shida ba? Domin ƙarfe a kan ƙarfe yana da santsi, kuma abin da ke hana ƙafa zamewa shi ne nauyin da ke danne ta. An ƙayyade cewa kowace ƙafa biyu da ke kan sanda ɗaya kada nauyinsu ya wuce kimanin tan 13, gwargwadon abin da babban layi zai iya ɗauka. In an jera irin wannan sau huɗu, an samu tan 50 da ɗoriya suna danne dogo ba tare da an cutar da shi a wuri guda ba. Duk da haka, da asubar damina idan raɓa ta kwanta, ko an zo hawa da cikakken lodi, ƙafafun kan yi ta juyawa a wuri ɗaya. Saboda haka akwai tukunyar yashi a bisa gadon bayansa, da bututu da ke zubo shi daidai gaban ƙafa. Busasshen yashi kaɗan yakan fitar da tan ɗaruruwa daga tsaka mai wuya.

Ƙananan ƙafafu biyu na baya kuwa, a ganina, su ne zuciyar wannan ƙira, kuma labarinsu yana Inugu. An gano kwal a Udi a 1909, aka fara haƙarsa sosai wajen 1916, shekarar da dogo ya haɗa Inugu da Fatakwal. Wannan kwal shi ne abincin kowane kan jirgi a Najeriya, har wanda ke tsayawa a Tsafe. Sai dai bai kai na Ingila zafi ba, kuma yana barin toka da yawa. Mace mai girki ta san wannan lissafi: idan itacen ba mai ƙarfi ba ne, sai a faɗaɗa murhu a ƙara shi. A tsofaffin kawunan jirgi murhun a matse yake tsakanin manyan ƙafafu, a siririn dogo irin namu kuwa wurin bai taka kara ya karya ba. Masu zanen River suka mayar da murhun bayan manyan ƙafafu, suka buɗe shi ya fi dogon faɗi, suka sa ƙananan ƙafafun nan biyu su tallafe shi. Shimfiɗar wutar ta kai murabba'in ƙafa 38, wato ta ɗan ɗara gado mai ƙafa shida a shida. A ƙasansa akwai babban wurin tara toka.

Daga murhu, zafi yana bi ta cikin bututu masu yawa da suka ratsa tukunyar ruwa daga baya zuwa gaba. Ruwa ya tafasa, tururi ya taru har ƙarfinsa ya kai laba 200 a kan kowane murabba'in inci, kusan ninki shida na iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota. Kafin a yi amfani da shi, sai a sake bi da shi ta wasu ƙananan bututu a cikin zafin wutar don ya bushe ya ƙara zafi, dabarar da wani Bajamushe, Wilhelm Schmidt, ya inganta, wadda ke rage cin kwal da ruwa. Sannan ya shiga silinda biyu, ɗaya a kowane gefe, faɗin kowacce inci 18, fistin kuma yana tafiyar inci 26 gaba da baya. Idan aka haɗa waɗannan awo, ƙarfin jansa yakan kama laba 29,800, wato wajen tan 13 na ja tsantsa. Tururin da ya gama aiki ba a zubar da shi a banza. Ana harba shi ta cikin bututun hayaƙi, shi kuma ya zuƙo iska ta cikin wutar. Wannan shi ne sautin da yara ke kwaikwayo, kuma hikimar da ke ciki ita ce duk lokacin da jirgin ya ƙara himma, da kansa yake ƙara hura wutarsa, kamar maƙerin da zugazuginsa ke bin bugun gudumarsa.

Duk kayan da ke motsi an bar su a waje inda hannu zai kai. Wannan ma da gangan ne. Kan jirgin da zai kwana a loko na Zariya ko Minna ko Kafancan dole ya zama wanda makaniki zai iya duba shi da guduma da gwangwanin mai, babban gyara kaɗai ake kai shi Ebute Metta ko Inugu.

Ba a gama bayanin kan jirgi ba sai an ambaci mutanen da ke cikinsa. Direba yana riƙe da linzamin tururi da birki, idonsa a kan hanya. Na biyunsa shi ne mai zuba kwal, wanda 'yan reluwe ke kira fayaman. Da shebur yake ciyar da wancan murhu mai faɗin gado, kuma ba jibgawa ake yi ba: sai ya watsa kwal ɗin ya kai kowane lungu, domin in wani wuri ya yi rami iska mai sanyi za ta shiga, in ya yi tudu wuta za ta shaƙe. Ido ɗaya a kan wuta, ɗaya a kan gilashin da ke nuna ruwan tukunya, don idan ruwa ya yi ƙasa da rufin murhu abin da zai biyo baya ba ya faɗuwa. A watan Afrilu, zafin rana a sama, na wuta a gaba, ƙura tana shigowa ta gefe. Mutum yakan fara ne daga goge inji, ya yi shekaru kafin a ba shi shebur, ya ƙara wasu shekarun kafin ya zama direba. Ga masu tankin ruwa a tashoshi, waɗanda a ƙasarmu ta rani aikinsu ba ƙarami ba ne, domin kan jirgi ya fi shan ruwa a kan cin kwal nesa ba kusa ba. Ga kuma waɗanda ke can ƙarƙashin ƙasa suna haƙo kwal ɗin. Ranar 18 ga Nuwamba 1949, shekara guda bayan zuwan River, 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wuta a kan mahaƙan Iva Valley a Inugu da ke neman haƙƙinsu, suka kashe mutum 21. Wutar da ta ja gyaɗar Zamfara zuwa teku, da hannun waɗannan mutane aka haƙo ta.

Gidan River shi ne babban layi. Taragan da suka taso daga Ƙaura da Gusau da Tsafe sukan isa Zariya, a can su haɗu da na Kano da Nguru, a ɗaura su a yi kudu, ta Kaduna da Minna da gadar Jabba zuwa Apapa, ko ta Kafancan da gadar Makurɗi, wadda aka buɗe a 1932, zuwa Fatakwal. Da waɗannan sabbin kawuna aka fara cin ƙarfin tsohuwar gyaɗar da ta taru, ko da yake noman ma ƙaruwa ya yi ta yi. A shekarun 1960 Najeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa.

Shaidar ingancin ƙirar ta fito ne daga wata ƙasa. Da hukumar jiragen Gabashin Afirka ta tashi neman kan jirgin kaya a farkon shekarun 1950, zanen River ta ɗauka. North British ta ƙera mata guda 31, aka rage faɗin ƙafafun zuwa mita ɗaya daidai da dogonsu, aka sa su ƙona mai maimakon kwal, aka raɗa musu sunayen ƙabilun yankin. Daga su kuma aka fitar da wasu jinsuna biyu. Kan jirgin da aka auna da kwal ɗin Inugu da buhun Arewa sai ga 'ya'yansa suna aiki a Kenya da Yuganda da Tanganyika.

Amma ya zo a makare. A 1955, shekarar da reluwe ta zama Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, aka sauke kawunan jirgi masu amfani da dizal na farko daga kamfanin English Electric. Dizal ba ya neman ruwa a kowace tasha, ba ya bukatar a kwana ana hura masa wuta, ba a kuma jawo masa kwal daga Inugu zuwa Arewa a taragan da ya kamata su ɗauki kaya. Sai yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, ya yanke hanyar kwal ɗungurungum, reluwe kuma ta riga ta rasa ɗimbin ƙwararrun ma'aikatanta 'yan Gabas da suka bar Arewa a 1966. Bayan yaƙi wasu kawunan tururi sun koma aiki, amma kwanansu ya ƙare. Kayan da aka ƙera su dominsa ma ya tafi: farin 1973, cutar da ta cinye gyaɗa a 1975, ga kuɗin man fetur da ya ɗauke hankalin gwamnati daga gona, ga tireloli da suka ƙwace lodi a kan sabuwar kwalta. Kafin shekarun 1980 su yi nisa, hayaƙin kwal ya ɗauke daga dogon Najeriya. Injinan da za su iya shekara arba'in suna aiki aka jere su a bayan loko, ciyawa ta fito ta cikin ƙafafunsu, masu sayen tsohon ƙarfe suka yanka mafi yawansu.

Ba na ɓoye cewa don amfanin wasu aka ƙera River. Taswirar dogon da kanta ta faɗa: daga gona zuwa teku, babu reshen da aka yi don Gusau ta yi ciniki da Sakkwato ko Katsina. Farashin gyaɗar ma a wancan lokaci hukumar ciniki ce ke yankewa, ba manomi ba. Duk da haka a cikin waɗannan taragai gishiri da goro da kananzir da siminti suka zo mana, a bayan wannan hayaƙi ɗalibai suka tafi makarantun Zariya, kuma gumin mutanenmu ne ya biya kuɗin kowane ƙusa da ke jikinsa. Namu ne, kuma mun bar shi ya salwanta ba mu ajiye wa jikoki ko ɗaya a nan Arewa maso Yamma ba. Abin da ya rage na tarihin reluwe a tattare yana gidan Jaekel da ke Ebute Metta a Legas, gidan da aka sa wa sunan Francis Jaekel, tsohon ma'aikacin da ya rubuta tarihin reluwen Najeriya cikin littafi uku.

Sabon dogo mai faɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 daga Kano zuwa Maraɗi ta Katsina zai bi, ba ta Zamfara ba. Tsohuwar tashar Gusau kuwa tana nan, kuma a unguwannin da ke kewaye da ita, da Tsafe, da Ƙaura, akwai sauran dattawan da suka riƙe shebur ko suka ɗauki buhu zuwa tarago. Ina roƙon malaman tarihi na Jami'ar Tarayya da ke Gusau da ɗalibansu su je su zauna da su, su naɗi muryoyinsu tun suna raye. Ina kuma roƙon Gwamnatin Jihar Zamfara ta nemi Hukumar Jiragen Ƙasa ta ba ta ɗaya daga cikin kawunan tururin da suka tsira, a kawo shi Gusau, a yi masa rumfa a gaban tasha.